Unguwar da Yara Ba Sa Mutuwa

A ofishin lafiya na wani gari an yi wani magatakarda da ake kira Ɗari-bisa-ɗari. Ba iyayensa suka sa masa ba, bakinsa ne ya jawo masa. Ka tambaye shi ko za a yi ruwa yau, ɗari bisa ɗari. Ko wannan takalmin zai kai shekara, ɗari bisa ɗari. Ruwan ya ƙi zuwa, takalmin ya ɓalle kafin sati, amma ko a jikinsa, gobe ma haka zai faɗa. Da sunan ya yi wa mutane tsawo sai suka datse shi ya koma Malam Ɗari.

Shekara goma sha ɗaya aikinsa bai wuce guda ba. Ya karɓi rajistocin asibitocin unguwanni tara da ke ƙarƙashin ofishin, ya kwafe su cikin kwamfuta, ya mayar da su kabad. Rajistar da ba ta zo ba kuwa ba ya cigiyarta, ragin aiki ne. Ana nan sai ya yi wani kwas na sati biyu ta intanet, kan yadda ake koya wa na'ura ta karanci alƙaluman baya ta yi hasashen gaba. Rabin darussan da gyangyaɗi ya yi su, amma takardar shaida ta fito da tambari mai ruwan zinare. Ya buga ta guda uku, ɗaya a ofis, ɗaya a falo, ɗaya kuma a shagon mai askin layinsu, wai don matasa su ɗauki darasi.

A daidai wannan lokaci aka ba ofishin sabuwar motar asibiti, ƙwaya ɗaya tak, unguwanni tara kuma kowacce ta miƙo hannu. Darakta mutum ne mai tsoron rigima da son kyamara. Ya tara ma'aikata yana dafe da kai yana tambayar yadda za a raba mota ɗaya gida tara.

Malam Ɗari ya miƙe ya gyara wuyan riga. "Ranka ya daɗe, wannan ai ba matsala ba ce. A ba ni alƙaluman shekara biyar da sati uku. Zan koya wa na'ura ta gaya mana yara nawa 'yan ƙasa da shekara biyar za a rasa a kowace unguwa baɗi. Inda ta nuna sun fi yawa, can mota za ta tafi. Babu son kai, babu ɗan uwa."

"Ka tabbata za ta iya?"

"Ɗari bisa ɗari."

Darakta ya yi lissafi cikin ransa, ya ga duk wanda ya zo da ƙorafi nan gaba sai a nuna masa kwamfuta. Nan take ya amince.

Ranar Asabar sai ga ƙanwar Malam Ɗari, autarsu, ta zo gidansa da cikin wata bakwai. A ƙetaren gada take aure, inda mai keke mai ƙafa uku ke cin awa guda yana faɗa wa ramuka kafin ya kai mutum babban asibiti. Ta gaishe shi, ta zauna da kyar.

"Yaya, an ce motar nan a hannunka take. Ka dai san halin da muke ciki a ƙetare. Ga ni da wannan cikin, ga asibitin namu..."

Ya ɗaga mata hannu. "Auta, ni yanzu na wuce jin labari da baki. Kowa ya zo sai ya ce tasa unguwar ta fi wahala. Idan da gaske kuna da buƙata, na'ura za ta gani."

"Na'urar ta taɓa zuwa ƙetare?"

"Ba ta buƙatar zuwa. Wannan shi ne bambancin ilimi da yawo."

Auta ta kalli matarsa, wadda ake kira Malama saboda firamare take koyarwa. Malama ta girgiza mata kai alamar ta bar shi, ta miƙa mata ruwa.

Don ya nuna wa duniya cewa ba shi da son kai, abin da ya fara yi shi ne ya sa kwamfuta ta cire sunayen unguwanni ta maye su da lambobi, daga ɗaya zuwa tara, a hautsine. Ya buga takardar da ke nuna wace lamba ce ta wace unguwa idonsa a rufe, ya lalubo ambulan ya saka, ya liƙe da yawu, ya kai wa Darakta ya ajiye sai ranar biki. Har a shagon mai aski ya ba da labarin rufe idon nan sau huɗu.

Matsala ta fara ne tun ranar farko. Na'ura ta ƙi aiki, tana ta fito da jan rubutu, wai akwai guraben da babu komai a ciki. Ya duba ya ga lamba bakwai ce, shekara biyu cur gurabenta fayau. Ya tuna an yi darasi kan wannan a kwas, sai dai ranar ne barci ya fi daɗi. Ya yi tunani na minti guda. Inda ba a rubuta mutuwa ba, ai ba a mutu ba. Ya bi guraben nan kaf ya cika su da sifili, na'ura ta kama aiki kamar an zuba mata mai. Lamba bakwai kuwa ita ce ƙetaren gada. Ma'aikaciyar jinyar asibitin ta yi ritaya shekara biyu da suka wuce, takardar neman madadinta tana kwance ƙarƙashin wasu takardu a teburin Darakta, tun lokacin kwaɗo ne a ƙofa.

Bayan kwana uku ya shigo gida yana ihu, laftof a buɗe a hannu. "Malama, zo ki ga abin al'ajabi! Na gwada ta, ta ci ɗari bisa ɗari!"

"Da me ka gwada ta?"

"Da alƙaluman da na koya mata mana."

"Su ɗin dai?"

"Su ɗin."

"Ni ma idan na ba 'yan ajina amsa ranar Litinin, na yi musu tambayoyin ranar Talata, duk ɗari suke ci. Har wanda ke cin alli."

"Ke da kike koyar da a, ba, ca, ina za ki gane wannan?"

"Allah ya ba da sa'a," in ji ta, ta ci gaba da gugarta.

Binciken farko da na'ura ta fitar ya girgiza shi. Ta nuna cewa iyaye mata masu shekara casa'in da tara su ne suka fi kowa rasa jarirai, kuma suna da yawa, sun haura ɗari biyu. Malam Ɗari ya kama baki. Shekara da shekaru likitoci suna yawo da abin awo a wuya, babu wanda ya lura, sai shi cikin sati ɗaya. Bai tsaya shawara da kowa ba ya buga sanarwa da manyan baƙaƙe: GARGAƊI GA MATA MASU SHEKARA CASA'IN DA TARA, A DAKATA DA HAIHUWA. Ya liƙa a shagon mai aski, da jikin turken wutar lantarki, da ƙofar kantin magani.

Kafin la'asar layin ya cika da dariya. Mai aski ya yi ta dariya har ya zaftare wa wani gefen kai. Mai faci ya ce shi ma zai je ya ja wa kakarsa kunne, don kwanan nan ya ga tana yawan kwalliya. Can sai ga tsohuwar da ta fi kowa shekaru a layin, wadda kowa ke kira Kaka, tana dogara sanda, mata biyu na riƙe da ita, jama'a na biye. Ta tsaya a ƙofar gidan ta ƙwanƙwasa da sandar.

"Ina mijin nawa mai kwamfuta?"

Ya fito yana murmushin manya. "Sannu da zuwa, Kaka."

"Kai ne ka ce in daina haihuwa?"

"Ba ni ba ne, Kaka, bincike ne."

"To ka gode wa binciken. Da ma na gaji. Amma ka yi latti, ɗana na ƙarshe ya yi ritaya bara."

Aka kwashe da dariya. Malam Ɗari ya ɗaga murya. "Ku yi dariyarku! Mata ɗari biyu da goma sha ɗaya ne a rubuce, baƙi da fari!"

Malama ta leƙo daga bayansa. "Ni ma ina cikinsu."

"Ke?"

"Ranar da zan haifi na biyun nan, ka tuna yadda aka shiga da ni? Mai rubutu tana tambayata shekaruna, ni ina ihu. Ta rubuta tara da tara ta wuce. Haka suke yi wa duk wadda ta zo a gigice ba a samu damar tambayarta ba. Yana nan a katina."

Mai aski ya riƙe ciki. "Ashe tsohuwa ka aura, Malam Ɗari, ka ɓoye mana!"

"Kishin ilimi ne ke damunku," in ji shi, ya shige gida ya turo ƙofa. Da ya zauna, maimakon ya gyara, sai ya bi duk layin da ke da tara da tara ya goge, don kada su sake ba shi kunya. Da haka matan da suka zo asibiti cikin mafi munin hali suka fice daga lissafinsa gaba ɗaya.

Bincike na biyu ya fi na farko zafi. Na'ura ta nuna cewa duk yaron da sa hannun Babbar Nas ta babban asibiti ya hau kan katinsa, hatsarinsa ya ninka na saura sau shida. Babbar Nas mace ce da ta shekara talatin tana aiki a ɗakin yara, gajeriya, mai muryar da ke sa likitoci matasa su gyara tsayuwa. Da wani mai hankali ne, da ya tsaya ya yi tunani. Malam Ɗari sai ya sa rigar ranar taro ya tafi ya ba ta shawara.

Ya same ta a ɗakin yara tana neman jijiya a hannun wani jariri da amai da gudawa suka tsotse.

"Sista, na zo ne a matsayin ɗan uwa, kafin maganar ta fita. Alƙaluma sun nuna ke ce babbar matsalar yaran garin nan. Da ni ne ke, da na nemi hutu."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. "Riƙe min hannun nan."

"Ni ba wannan ne fannina ba, ni..."

"Riƙe!"

Ya riƙe. Ta ci gaba da magana tana laluben jijiya. "Yaron da ya zo da atishawa ba a kirana. Wanda ya zo da ƙurji ba a kirana. Sai wanda ya zo yana fizgar numfashi, kowa ya ja baya, a ce a kira Sista. Na'urar taka ta gaya maka nawa ne suka koma gida da ƙafarsu?"

"Wannan ba ya cikin abin da na tambaye..."

Allura ta shiga, jini ya ɗan biyo roba. Malam Ɗari ya kalli jinin, ya kalli silin, silin ya juya. Ya farka ne a kan benci a baranda, ƙafafunsa a ɗage kan bokiti, wata mai shara tana yi masa fifita da kwali, iyaye mata sun kewaye shi suna yi masa sannu. Babbar Nas ta zo wucewa da tire.

"Ka ga, kai ma a hannuna ka faɗi. Ka ƙara a na'urarka."

Labarin ya riga shi isa layinsu. Da ya sauka daga kan babur, mai faci ya tambaye shi ko namiji aka samu ko mace.

Duk wannan bai rage masa komai ba. Da sati uku suka cika ya kai wa Darakta sakamako a takarda mai launi. Lamba biyu ce kan gaba, ta rasa yara goma sha tara bara, na'ura kuma ta ce baɗi ma haka, don haka mota tata ce. Lamba bakwai kuwa, shekara biyu babu mutuwa ko ɗaya, baɗi ma sifili.

Idon Darakta ya yi haske. "Sifili? A ƙarƙashina?"

"Ɗari bisa ɗari, ranka ya daɗe. Ban san ko akwai irinta a duniya ba."

Darakta ya sa hannu a takardar. Ya ba da umarni a sayo kofi mai hannu biyu, a gayyato 'yan jarida, a yi biki ɗaya: a buɗe ambulan, a kai wa lamba bakwai kofinta, a wuce a miƙa wa lamba biyu mota.

Ranar biki aka kafa rumfa a harabar ofis. Sabuwar mota tana tsaye tana sheƙi, an ɗaura mata jan kirtani a goshi. Malam Ɗari ya yi jawabi na minti arba'in. Ya ce zamanin zato ya wuce. Ya ce nan da shekara biyar na'urarsa za ta riƙa faɗar yaron da zai yi zazzaɓi kafin sauro ya tashi daga kwata. Ya ce yana yafe wa duk waɗanda suka yi masa dariya. Sannan Darakta ya yage ambulan a gaban kyamara.

"Lamba biyu, wadda ta ci mota, ita ce unguwar babban asibiti!"

Aka tafa kaɗan-kaɗan. Babbar Nas ta ɗaga hannu daga layin gaba. "Ranka ya daɗe, motoci uku gare mu. Yaran da ke mutuwa a wurinmu kuma rabinsu daga wasu unguwanni ake kawo su bayan abu ya ɓaci."

"Sista, na'ura ta yi magana," in ji Darakta. Ya sake duba takarda. "Lamba bakwai kuma, zakarar lafiya, ita ce ƙetaren gada!"

Murmushin Malam Ɗari ya tsaya a inda yake. Ya matsa kusa da Darakta ya yi ƙasa da murya. "Ranka ya daɗe, hanyar can ba ta da kyau. Me zai hana a aika musu kofin?"

"A aika? Ga 'yan jarida?"

"Ko a ɗaga zuwa wani watan."

Babbar Nas ta riga ta miƙe, jakarta a kafaɗa, fuskarta ɗauke da wani murmushi da bai taɓa gani ba. "Haba Malam Ɗari, a hana mu zuwa koyon aiki? Ni a gaban sabuwar motar ma zan zauna."

Haka aka ɗunguma, sabuwar mota a gaba tana jiniya don hoto ya yi kyau. Duk ramin da aka faɗa sai Malam Ɗari ya kawo sabon dalili. Gada ba za ta ɗauki nauyi ba. Hadari ya taso. Wai cikinsa na murɗawa. Darakta yana ta maimaita jawabinsa a hankali, kofi a cinya, bai ma ji shi ba.

Aka tsaya a gaban asibitin. Kwaɗo ya yi tsatsa a ƙofa, tagogi babu gilashi, kaza da 'ya'yanta suna fita ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin haihuwa. A baranda wani kafinta ya baje katakai yana goge ƙafar kujera. Jiniya ta riga ta tara unguwa, mata da maza suna ta ɓullowa daga lunguna.

Darakta ya sauko da kofi, kyamarori na biye. Ya kalli hagu ya kalli dama. "Ina shugaban wannan asibiti?"

Kafinta ya share hannu a wando. "Yallaɓai, in wanda ke buɗe baranda da safe ake nufi, ni ne."

"Ina likita? Ina nas?"

"Nas ta yi ritaya shekara biyu ke nan. Ni na zo ne don inuwa."

"An ce ba a rasa yaro ko ɗaya ba a nan."

"Gaskiya ne, Yallaɓai. Tun da na zo, ko yaro ɗaya bai mutu a hannuna ba." Ya kalli kofin. "Nawa ne?"

Wani ɗan jarida ya fashe da dariya har kyamararsa na rawa. Darakta ya juyo a hankali. "Malam Ɗari."

"Ranka ya daɗe, a kimiyyance na'ura ba ta yi ƙarya ba. A cikin wannan ginin babu wanda ya..."

"A cikin ginin!" wata dattijuwa ta katse shi. "A kan gada suke mutuwa, ɗan nan. A bayan keke suke mutuwa. Ka zo da kofi ka ba mu na me?"

Dariya ta ɗauke. Hayaniya ta tashi, mata suka kewaye sabuwar mota, wasu suka zauna a gaban tayoyinta. Direba ya kashe inji ya fito da hannuwa a sama. Darakta ya ga kyamarori sun juyo kansa, gumi ya jiƙe masa kwala.

"Jama'a, a yi haƙuri. An riga an sa hannu. Ƙa'ida ita ce mota ta tafi inda alƙaluma suka fi yawa. Lamba biyu tana da goma sha tara a rubuce, ku kuma ba ku da komai a rubuce."

"To a rubuta mana," in ji Babbar Nas. "Ga magatakarda, ga na'urarsa, ga iyayen yaran. Na bara kawai. Idan sun haura goma sha tara, mota ta zauna. Ko ba haka ƙa'idar ta ce ba, ranka ya daɗe?"

Darakta ya kalli kyamara. "Da ma abin da ya kawo mu ke nan," in ji shi.

Kafinta ya jawo kujerar da bai gama ba, mai ƙafa uku, ya tokare ta da bulo. Aka zaunar da Malam Ɗari, laftof a gwiwa. Ya buɗe gurbin lamba bakwai na bara, sifilin da ya zuba da hannunsa yana kallonsa. Mata suka yi layi.

Ta farko ta ce ɗanta wata takwas, zazzaɓi, kafin a samu abin hawa ya cika. Ya goge sifili ya sa ɗaya. Ta biyu, 'yar shekara biyu, gudawa, ranar da ruwa ya shanye hanya. Wani mutum ya zo a madadin matarsa, ya ce ita ba za ta iya faɗa ba, tagwaye ne. Babbar Nas tana tsaye a kansa tana tambayar wata da shekara, tana ƙin karɓar na bara waccan, don kada gobe a ce an yi cuwa-cuwa. Da farko Malam Ɗari yana ƙoƙarin cewa wani abu bayan kowane ɗaya. Daga na biyar sai shekarun yaro kawai yake tambaya. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, tun daga wuya har tafin ƙafa.

Goma sha biyar. Goma sha bakwai. Layi ya yi gajere. Wata yarinyar mace ta faɗi nata tana kallon ƙasa, ta wuce. Babu kowa a bayanta.

"Nawa?" in ji Darakta.

"Goma sha tara," in ji Malam Ɗari, muryarsa can ƙasa.

Darakta ya sauke numfashi. "To kun gani, kunnen doki. Idan aka yi daidai, takardar da aka sa wa hannu ita ke aiki. Direba, tayar da mota."

Mata suka fara kuka, wasu na zagi. Direba ya tsaya da makulli a hannu yana kallon Babbar Nas. Sai taron ya ɗan buɗe ta gefe. Auta ce ta fito, hannu ɗaya a ƙugu, tana tafiya a hankali saboda nauyin ciki. Tun farko tana jingine da bango, ba ta shiga layin ba. Ta zo ta tsaya a gaban kujerar.

Malam Ɗari bai ɗago ba. Bakinsa ya saba da tambayar, sai ya yi ta. "Shekararsa nawa?"

"Kwana arba'in da ɗaya, Yaya."

Ya ɗago kai.

"Watan uku na bara. Ban so in faɗa a gaban mutane ba, na ɗauka kai za ka tuna ka sa shi da kanka. Kai ka ɗauke shi a hannunka zuwa makwancinsa."

Babbar Nas ta miƙa hannu, direba ya sa mata makullin motar a tafi, ta juya ta ba dattijuwar nan. Darakta ya buɗe baki, ya kalli kyamara, ya rufe.

Malam Ɗari ya sunkuyar da kai. Allon ya yi masa dishi-dishi, sai da ya goge ido da hannun riga kafin ya ga gurbin. Ya goge goma sha tara ya rubuta ashirin.